Daga Dandali Zuwa Titin Gidan Zu: Tarihin Wuraren Kallo da Shaƙatawa a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, Kano

1.0 Gabatarwa

Yawancin nazarce-nazarcen da aka yi a kan al'adun Kano sun fi karkata ga cikin birni, watau ga fadar Sarki da hawan Sallah da Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata da sauran abubuwan da ganuwa ta kewaye. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, domin can ne tarihi ya fi tsawo, can ne kuma aka fi samun rubutattun bayanai. Amma duk wanda ya lura da inda mutanen Kano suka riƙa dosa in sun tashi neman kallo tun daga shekarun 1970, zai ga cewa wani yanki na kudu maso gabashin birnin, wanda a dā gonaki ne da ƙauyuka, ya sami wani matsayi da ba a ba shi haƙƙinsa ba a fagen nazari. Yankin kuwa shi ne na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da unguwannin da ke maƙwabtaka da su.

A cikin wannan maƙala za a bi tarihin wuraren kallo da shaƙatawa na wannan yanki, tun daga zamanin dandali har zuwa zamanin wayar hannu. Za a yi ƙoƙarin nuna abu biyu. Na farko, cewa nishaɗi a yankin ya tashi daga abin da lokaci ke kawowa kyauta, ya koma abin da ake zuwa a biya kuɗi a bakin ƙofa. Na biyu, cewa dalilin da ya sa waɗannan wurare suka taru a nan, watau yalwar fili a bayan ganuwa, ya ƙare, kuma ƙarewarsa ita ce tushen gardamar da aka yi a kan Gidan Zu cikin 2020.

2.0 Yankin da Asalinsa

Idan mutum ya bar birni ya kama hanyar Zariya, Gyaɗi-Gyaɗi tana cikin unguwannin farko da zai tarar, daga nan sai Unguwa Uku. Tarauni kuwa tana gabas, tsakanin hanyar Zariya da hanyar Maiduguri. A shataletalen Dangi, wanda ke Gyaɗi-Gyaɗi, titin da aka fi sani da Titin Gidan Zu ya ɓalle ya nausa yamma. Cikin shekarun 1990 aka yanki Ƙaramar Hukumar Tarauni, mai hedkwata a Unguwa Uku, wadda faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 28 ba, amma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 221,367. Ya kamata a faɗa tun a nan cewa iyakar ƙaramar hukuma ba ita ce iyakar wannan nazari ba, domin wasu wuraren da za a ambata sun ɗan gota ta. Abin da aka duba shi ne yankin kamar yadda jama'a suke zirga-zirga a cikinsa.

Sunayen unguwannin kansu suna ba da labarin asalinsu. Akwai Ƙauyen Alu, akwai Gandun Albasa, akwai kuma Fam Santa, wanda sunan Turanci ne mai nufin cibiyar aikin gona. Ƙauye da gandu da gona: ga abin da yankin yake kafin gari ya cim masa. Abin da ya kawo garin kuwa sananne ne. Turawa sun ci Kano cikin 1903, jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, baƙi suka yi ta kwararowa. Jama'ar Kano, waɗanda aka ƙidaya kimanin 130,000 cikin 1952, sun kusa 300,000 cikin 1963. Wannan ya sa aka tsara shirin raya Kano da kewayenta na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda aka fi danganta shi da B.A.W. Trevallion. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a ranar 27 ga Mayu, 1967, sai buƙatar gidajen ma'aikata da ofisoshi ta ƙaru, aka shiga yanka filaye a gonakin kudu da gabas. Gidajen Kundila da gwamnatin jiha ta gina, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano wanda aka kafa cikin 1988, duk a wannan shiyya suka sami mazauni.

3.0 Zamanin Dandali

Kafin wannan canji, nishaɗin waɗannan ƙauyuka bai bambanta da na sauran ƙauyukan ƙasar Kano ba. Wurinsa shi ne dandali da ƙofar gidan mai unguwa da bakin kasuwa. Da dare, musamman in da farin wata, 'yan mata suna gaɗa, samari suna langa, yara kuma suna wajen tsofaffi ana tatsuniya da kacici-kacici. In kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, sai a buɗe fagen dambe da kokawa da kalankuwa, makaɗa su yi ta yawo gari gari. In azumi ya kai kwana goma sai tashe. Ranar kasuwa kuwa ba a rasa 'yan kama ko 'yan gambara ko gardawa masu wasa da kura da macizai da birai.

Akwai siffofi uku da suka haɗa waɗannan wasanni, waɗanda lura da su zai taimaka wajen gane abin da ya biyo baya. Da fari, lokaci ne yake kawo su. Ba a dambe da damina, domin kowa yana gona; ba a tashe sai da azumi. Na biyu, ba su da ƙofa. Mai kallo yana iya yi wa makaɗi kari ko ya ba ɗan tashe sadaka, amma wanda ba shi da ko anini ba a korarsa, kyautar kuma bayan wasa take zuwa, gwargwadon jin daɗin mai bayarwa. Na uku, tazarar da ke tsakanin mai wasa da mai kallo ba ta da yawa: yarinyar da ke tafi yanzu ita ce za ta faɗa tsakiyar da'ira an jima, kowa kuma ya san ɗan wane ne ya shiga fage.

Babban kallo kuwa, watau hawan Sallah, na birni ne. Mutanen ƙauyukan kewaye su ne suke yin ado su tafi. Sai dai hawan Nasarawa, wanda a cikinsa Sarki yake fita bayan ganuwa ya ziyarci gidan Nasarawa, sa'an nan ya gaisa da Razdan a zamanin Turawa, ko Gwamna a bayansu, ya kan kawo dawaki kusa da wannan shiyya. Duk da haka alƙiblar mai neman kallo a wancan zamani birni ce.

4.0 Ganuwa da Gidan Sinima

Abin da ya fara juya wannan alƙibla shi ne sinima. Hausawa sun fara sanin hoto mai motsi ta hanyar majigi, wanda hukuma take kai wa jama'a a fili, kyauta, don wayar da kai a kan tsabta da noma da makamantansu. Ta wannan fuska majigi bai saɓa wa tsarin dandali ba. Gidan sinima na kasuwanci shi ne baƙon abu, domin yana da katanga da ƙofa da mai sayar da tikiti, ba ya kuma jiran kaka ko Sallah. Cikin 1937 aka buɗe Rex a wajen birni. A ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a sinimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, mutane da yawa kuma suka ɗauki abin a matsayin sakayyar saɓo. Da aka buɗe Palace a Jakara, cikin birni, a farkon shekarun 1950, sai ta gamu da adawa mai tsanani daga malamai da mazauna unguwa.

Brian Larkin, wanda ya yi nazarin wannan tarihi a cikin littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna yadda matsayin sinima a idon Kanawa ya rataya a kan wurin da aka gina ta. Ganuwa ba ta tsaya ga tsare gari daga mahara ba, ta kuma zama iyaka tsakanin inda ake sa ido a kan tarbiyya da inda ake kau da kai. Abin da ba a yarda da shi a birni ba ana iya haƙuri da shi a waje. Saboda haka yawancin gidajen sinima suka taru a Fage da Sabon Gari da kewayensu.

Da gari ya miƙe kudu da gabas, sai sinima ta bi shi. Sinimar Marhaba da ke Fam Santa ita ce ta wannan yanki. Kamar sauran takwarorinta na Kano, fili ce mai katanga wadda akasarinta ba rufi, don haka sai bayan faɗuwar rana ake nuna fim, finafinan Indiya kuma su ne suka fi jan jama'a, sai na faɗa na Sin da na Amurka. Masu shiga galibi samari ne da magidanta. Macen da ta shiga kuwa ta sayi zargi. A nan aka fara ganin wani sabon abu a yankin: ɗaruruwan mutanen da ba su san juna ba sun zauna wuri guda, sun fuskanci bango guda, babu wanda zai iya faɗawa cikin wasan. Labaran soyayya da auren dole da waƙoƙin da samari suka sha kallo a irin waɗannan gidaje su ne daga baya suka ɓullo cikin littattafan soyayya na shekarun 1980 da finafinan Hausa na shekarun 1990.

5.0 Audu Baƙo da Gidan Zu

Sinima ta 'yan kasuwa ce, kuma ba ta taɓa samun cikakkiyar karɓuwa ba. Wurin shaƙatawa na farko da hukuma ta gina wa talakawa a wannan yanki, wanda magidanci zai iya kai iyalinsa ba tare da jin kunya ba, shi ne Gidan Zu. Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo, Gwamnan Jihar Kano na farko, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, shi ya kafa shi. An fara aikin cikin 1971, aka buɗe cikin 1972, a fili mai kimanin hekta 46. Kafin nan akwai irinsa a Jami'ar Ibadan da kuma Jos, amma waɗancan sun taso ne a jikin jami'a da gidan tarihi. Na Kano kuwa tun farko don jama'ar gari aka yi shi.

Ba a fahimtar wannan aiki sai an haɗa shi da sauran ayyukan wannan Gwamna. A zamaninsa aka gina madatsun ruwa na Bagauda da Tiga, aka gina masaukin baƙi a bakin tafkin Bagauda, aka kuma mai da hankali ga dajin Falgore. Manufar ita ce sabuwar jiha ta sami abin nuna wa baƙo, ma'aikaci kuma ya sami inda zai huta ran Lahadi. Amma Bagauda da Tiga suna da nisan da sai mai mota; Gidan Zu kuwa ɗan birni yana iya zuwa a keke ko a ƙafa. An zaɓi wurin ne a lokacin da yake bakin gari, inda fili yake da yalwa, kukan zaki kuma ba zai hana kowa barci ba.

Ta fuskar al'ada, Gidan Zu ya juya wani tsohon tsari. A dā gardi ne yake jawo kura da sarƙa ya kawo ta kasuwa, abin kallon kuma shi ne bajintar mutum da asirinsa a kan dabba. Yanzu dabba ce take zaune, mutum yake zuwa wurinta, babu kirari babu tsafi. Yaron da ya san Zaki da Kura da Giwa a cikin tatsuniya kawai, a matsayin manyan dawa waɗanda Gizo yake yi wa wayo, ya sami damar ganin su ido da ido. Malaman makaranta suka shiga kai ɗalibai.

Abin lura shi ne yadda tsohon tsarin lokaci ya kama wannan sabon wuri. Ko da yake ƙofar a buɗe take duk shekara, babbar kasuwarsa ita ce Sallah. Yara da 'yan mata, sanye da sababbin kaya, riƙe da kuɗin barka da Sallah, su kan yi cincirindo a can kwana da kwanaki, suna kallon dabbobi, suna hawa lilo, suna kuma kallon juna. Yawon Sallah, wanda a dā yake nufin zaga gidajen dangi da kallon hawa, ya sami sabon zango. Ke nan alƙibla ta juya: yanzu ɗan birni ne yake yin ado ya fito waje.

Filin baje koli da ke kan wannan titi ya ƙara wa yankin jama'a. A nan Ƙungiyar 'Yan Kasuwa da Masu Masana'antu ta Kano take shirya kasuwar baje koli ta duniya, galibi a ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba. Manufarta ciniki ce, amma da yawa daga masu zuwa kallo ne yake kai su, kamar yadda kasuwar ƙauye ta kasance wurin saye da sayarwa da kuma wurin haɗuwa.

6.0 Titin Gidan Zu da Sana'ar Fim

Har zuwa ƙarshen shekarun 1970 yankin mai karɓar kallo ne, ba mai ƙirƙirarsa ba. Cikin 1982 gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta buɗe gidan talabijin na jiha, CTV 67, wanda mazauninsa yake Hotoro, kan hanyar Maiduguri, aka kuma sa masa sunan Rimi daga baya. Wannan gida da na NTA Kano sun ba ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni damar fitowa a allo. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi, Tumbin Giwa, ita ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo cikin 1990, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan Hausa na kasuwa. Kafin shekara goma abin ya zama sana'a mai ciyar da dubban mutane. Cikin 1999 mujallar Fim ta fara fitowa, a wannan shekara kuma Sunusi Shehu Daneji ya fito da sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa.

A wancan lokaci kasuwar kaset tana Ƙofar Wambai da Bata, amma ofisoshin masu shirya fim da ɗakunan tace hoto da na ɗaukar waƙa da yawa sun tare a Titin Gidan Zu, har gine-gine irin su Gidan Ɗan Asabe suka zama matattarar 'yan fim da mawaƙa. Dalilin bai bambanta da wanda ya kai sinima waje ba. Ga benaye na haya masu ɗakuna da yawa, ga hanya mai sauƙi, ga shi kuma wuri ne da samari da 'yan mata za su iya shiga da fita a kan sana'a ba tare da idon dattawan unguwa irin na cikin birni ba.

Sai dai tsohuwar iyaka ta riga ta rushe. Kaset ya shigar da abin da ake yi a waje har cikin ɗakin matan aure na birni, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar sinima ba. Da ganuwa ta kasa raba tsakani, sai doka ta maye gurbinta. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Kano cikin 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim a watan Disamba na wannan shekara, sa'an nan ta kafa Hukumar Tace Finafinai cikin 2001. Cikin 2007 aka sake dakatar da shirya fim na wasu watanni, aka tsaurara sharuɗɗa, aka ɗaure wasu 'yan fim, wasu kuma suka koma Kaduna da aiki. Cikin 2016 Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Ƙofa, ta ƙasar Bebeji, saboda adawar malamai da wasu jama'a. Gardamar da aka yi a kan Palace a Jakara ita ce dai ake maimaitawa, sai dai an sauya mata fage.

7.0 Tsaro da Kanti da Waya

Shekarun 2010 sun zo wa yankin da abubuwa biyu masu karo da juna. Na farko rashin tsaro. Hare-haren 20 ga Janairu, 2012, sun shafi ofishin 'yan sanda da na shige da fice da ke Fam Santa. Aka sa dokar hana fita, cikin Janairu 2013 kuma aka hana ɗaukar fasinja a babur, wanda shi ne abin hawan mai fita da dare. A ranar 28 ga Yuli, 2014, cikin kwanakin ƙaramar Sallah, bam ya tashi a bakin filin baje koli, wani kuma a gidan mai na Hotoro, aka kuma soke hawan Sallah na wannan karo. Taron jama'a, wanda shi ne jigon kowane irin kallo, ya zama abin tsoro. Tsofaffin gidajen sinima, waɗanda bidiyo ya riga ya raunana, suka yi ta mutuwa, sunan Marhaba ya fi zama abin kwatance ga mai neman hanya.

Na biyu shi ne buɗe katafaren rukunin kantuna na Ado Bayero a Titin Gidan Zu cikin Maris 2014, 'yan watanni kafin rasuwar Sarkin da aka sa wa wurin sunansa. Jama'a suka riƙa kiransa da sunan babban kantin da ke ciki, watau Shoprite. Mutane da yawa ba sayayya take kai su ba, sai shan sanyi da ɗaukar hoto. Cikin 2015 Filmhouse ta buɗe sinima a ciki, mai rufi da kujeru masu laushi, inda mata da iyali suke shiga, abin da bai yiwu ba a Marhaba. Da kasuwar faifai ta faɗi saboda satar fasaha, sai masu shirya fim suka koma nuna sababbin finafinai a nan, musamman da Sallah, kamar yadda aka yi da Mansoor cikin 2017. Amma kuɗin tikiti ya tace masu shiga. Ƙofar da a Gidan Zu ƙaramin shinge ce, a nan ta zama mai rarrabe masu hali da marasa hali. Shoprite kuwa ta rufe reshenta na Kano cikin Janairu 2024.

A Fam Santa, kusa da inda aka yi ta layin sayen tikitin fim ɗin Indiya, babbar kasuwar wayar hannu ta kafu. Masu tura finafinai da waƙoƙi a waya suka gaji masu sayar da kaset. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki cikin 2014, da YouTube suka jawo finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So, waɗanda suka fito cikin 2020. Kallo ya kai matakin da ba ya buƙatar lokaci, ba ya buƙatar wuri, ba ya ma buƙatar abokin zama.

8.0 Gardama a Kan Fili

Cikin 2019 Gidan Zu ya shiga bakin duniya sau biyu. A watan Yuni aka nemi Naira miliyan 6.8, kuɗin shiga na kwanakin Sallah, aka rasa, labari ya bazu cewa goggon biri ne ya haɗiye su, har Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan. Jama'a sun yi dariya, amma adadin kansa shaida ne a kan yawan masu zuwa, in aka tuna ƙanƙantar kuɗin tikiti. A watan Oktoba kuma zaki ya kuɓuce daga kejinsa, aka yi kusan kwana biyu kafin a mai da shi, mazauna kewaye suna cikin zullumi.

Cikin 2020 gwamnatin jiha ta bayyana niyyar mai da gidan Tiga, bisa hujjar cewa gari ya kewaye shi, hayaniya kuma tana damun dabbobi. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, domin wurin da yake bakin gari cikin 1972 ya koma tsakiyarsa. Masu adawa kuwa suka kawo tasu: Tiga tana da nisan da yaron talaka ba zai iya zuwa ba, itatuwan gidan suna cikin 'yan kaɗan da suka rage a wannan shiyya, sa'an nan ana tsoron a yanka filin a sayar, kamar yadda aka ga an yi da wasu filayen jama'a. Har wannan gwamnati ta sauka cikin 2023 ba a tashi gidan ba. Muhimmancinsa kuma ya ƙara fitowa da aka ga yadda tsofaffin abubuwan kallo na kyauta suke samun cikas: 'yan sanda sun dakatar da tashe cikin 2024 saboda ɓata-gari, an kuma hana hawan Sallah cikin 2024 da 2025 saboda rikicin sarauta, alhali cikin Disamba 2024 ne UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da aka gada.

9.0 Sawun Tarihin a Cikin Harshe

Kowane mataki ya bar sawunsa a bakin jama'a. An ari majigi da sinima, wadda wasu suke cewa silima, da tikiti da bidiyo, aka daidaita su da tsarin furucin Hausa. An kuma ƙirƙiri wasu daga cikin gida. Baje koli ta samo asali daga ɗan koli mai shimfiɗa kayansa a kasuwa. Dogon zango, daga tafiyar fatake. Tace fim, daga tace gari ko koko. A takardun hukuma da labaran rediyo ana cewa gidan adana namun daji, amma a bakin direba da fasinja Gidan Zu ne, gajeren suna ya rinjayi dogo. Kalmar kallo ita ma ta faɗaɗa, har aka sami gidan kallo, inda ake biyan kuɗi a ga ƙwallon Turai. Wasa kuwa, wadda take ɗauke da ma'anar shiga a yi da kai, ta ja baya a wannan fage, shaƙatawa ta matso gaba. Wannan sauyin kalmomi ya yi daidai da sauyin matsayin mutum daga ɗan wasa zuwa ɗan kallo.

10.0 Kammalawa

An ga yadda yankin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ya tashi daga ƙauyuka masu dandali ya zama matattarar sinima da gidan dabbobi da baje koli da sana'ar fim. An ga kuma cewa abu biyu suka jawo haka, watau yalwar fili da kasancewa a bayan ganuwa, dukansu kuwa babu su yanzu. Yaron da aka haifa a Darmanawa ko Hausawa a wannan ƙarni bai tarar da dandali ba, domin an gine shi. Kantin zamani ya fi ƙarfin aljihunsa. Waya kuma ba ta haɗa shi da kowa a fili. Wannan shi ya sa makomar hekta 46 na Gidan Zu ta wuce batun dabbobi.

Akwai aiki a gaban manazarta. Dattawan da suka yi dambe da kalankuwa a waɗannan ƙauyuka kafin a yanka gonakinsu suna ƙarewa, haka ma waɗanda suka yi aiki a Marhaba da ma'aikatan farko na Gidan Zu. Ya kamata sassan Hausa da na tarihi a jami'o'i su tura ɗalibai su ɗauki bayanansu, a tattara sunayen dandula da fagagen da aka gine, a kuma nemi tsofaffin hotuna da takardun yanka filaye, tun masu bayanin suna da rai.